MOLIYER, ƊAN MAI SHIMFIƊAR SARKI DA YA ZAƁI WASAN TEYATUR

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakwal har ya kai kwaleji, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Moliyer ba, wanda Faransawa ke rubutawa Molière. Da yawa sun karanta wasansa na marowacin nan Harpagon, tsohon da ya binne akwatin zinariyarsa cikin lambu, ya hana kansa barci don tsoron ɓarayi. Amma abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, wannan mutum da har yau ake yi wa harshen Faransanci kirari da sunansa, ya faro ne yana yaro mai son kallon wasa. Son nan ne ya raba shi da gadon gidansu, ya kai shi gidan kaso, daga ƙarshe har ya so ya hana gawarsa kabari. Labarin yaron nan za mu bayar a yau, domin waɗanda suka san shi su tuna, waɗanda ba su bi ta lakwal ba su ma su ji.

An yi masa baftisma ranar 15 ga Janairu 1622 a majami'ar Saint-Eustache, cikin birnin Paris, dab da babbar kasuwar garin. An raɗa masa suna Jean, sunan mahaifinsa Jean Poquelin. Da aka haifi ƙanensa shi ma aka sa masa Jean, sai aka riƙa kiran babban Jean-Baptiste don a bambanta su. Gidan da ya tashi yana bisa titin Saint-Honoré, mutanen unguwa na kiransa gidan birai, saboda wani ginshiƙin itace da ke kusurwarsa wanda aka sassaƙa wa birai suna hawan bishiya. Mahaifin ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, sana'arsa sayar da shimfiɗu, labule, katifu da sauran kayan ƙawata ɗaki. Mahaifiyar, Marie Cressé, ita ma ɗiyar masu wannan sana'a ce, kuma ta iya karatu. Ta mutu a shekara ta 1632, yaron yana da shekara 10. Da aka zo ƙidayar kayan da ta bari, an tarar da littattafai a ciki, har da na Plutarque mai ba da tarihin manyan mutanen Girka da Rum.

A shekara ta 1631 mahaifin ya sayi wani muƙami na fada. A Faransa ta wancan zamani ana sayen muƙami da kuɗi, a kuma bar wa ɗa gado kamar gona. Muƙamin shi ne na mai kula da shimfiɗar sarki. Wata uku cikin shekara mai shi yana fada, yana taimakawa wajen gyaran gadon sarki, yana tsaron kayan ɗakinsa, in sarki zai yi tafiya a shirya masa masauki. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma sunan yana jawo manyan masu saye, kuma yana ɗaga gida daga sahun talakawa. Cikin watan Disamba 1637 Jean-Baptiste, bai cika shekara 16 ba, ya yi rantsuwar gadon wannan muƙami. Ke nan tun yana saurayi an riga an share masa hanya: kanti mai ciniki, ƙofa buɗe zuwa fada, da mutunci cikin unguwa. Uba nawa ne zai iya bar wa ɗansa irin wannan?

To, sai dai yaron yana da kaka na wajen uwa, Louis Cressé, tsoho mai son kallo. Grimarest, wanda ya fara rubuta tarihin Moliyer a shekara ta 1705, ya ruwaito cewa tsohon ya kan riƙe hannun jikansa ya kai shi gidan wasa na Hôtel de Bourgogne. Wuri ne dogo, matsattse, mai hayaƙin kyandir. Masu hali suna zama cikin ƴan ɗakuna a gefe, talakawa kuwa suna tsaye a tsakiya, barori da sojoji da ɗalibai da masu yankan aljihu, ana hayaniya ana ture-ture. Da farko a yi babban wasa na baƙin ciki, mai sarakuna da jarumai da dogayen baitoci. Bayansa a kawo ɗan gajeren wasan barkwanci don jama'a su koma gida da dariya. A shekarun ƙuruciyar Jean-Baptiste mutum uku ne gwanayen barkwanci a gidan: Gros-Guillaume, ƙato mai tumbi, wanda ke ɗaure cikinsa da ɗamara biyu, ya shafe fuska da gari, Gaultier-Garguille, siriri kamar sillen kara, da Turlupin mai fitowa a matsayin bara mai wayo. Grimarest ya ce wata rana mahaifin ya gaji da wannan yawo, ya tambayi surukinsa ko ɗan wasa yake nufin mayar masa da yaro. Tsohon bai musa ba, har ma ya nuna zai yi murna in jikan ya kai Bellerose, shugaban ƴan wasan gidan, gwaninta. Lalle tsofaffi su riƙa lura da abin da suke faɗa gaban jikoki.

Akwai kuma makarantar da ba a biyan ko sisi. Tafiyar ƴan mintoci daga gidan birai sai ga gadar Pont-Neuf bisa kogin Seine, inda duk Paris ke haɗuwa. Nan masu cire haƙori da masu tallar magani ke kafa ɗan dandamali na katako, su ɗauki masu ban dariya su tara musu jama'a, in taro ya yi kauri su fiddo kwalabe su ce maganinsu na warkar da kowace cuta. Wanda ya san wasannin da Moliyer ya rubuta daga baya, da likitocinsa masu dogayen riguna da Latin na ƙarya, ba zai rasa jin ƙamshin wannan gada ba. Maƙiyansa ma sun yi masa gori da ita, suna cewa wajen masu tallar magani ya yi karatunsa.

Karatu kuwa ya yi shi na gaske. An sa shi kwalejin Clermont, wadda a yau ake kira Lycée Louis-le-Grand, hannun malaman Kirista na ɗariƙar Jezuwit, inda ƴaƴan sarauta da na attajirai ke karatu. Komai da Latin ake yi. Waɗannan malamai sun ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin hanyar koyarwa: a ƙarshen shekara, ranar rabon kyaututtuka, ɗalibai ke hawa dandamali cikin harabar makaranta su yi wasa da Latin gaban iyaye da manyan gari, domin yaro ya koyi tsayuwa, da ɗaga murya, da magana gaban jama'a ba tare da rawar jiki ba. A nan ya san marubutan barkwanci na tsohuwar Rum, Térence da Plaute. Abokansa sun shaida cewa Térence ya fi so. Plaute kuwa, daga wasansa na tukunyar zinariya ne Moliyer ya ɗauko tushen marowacin da muka ambata, bayan shekara kusan talatin. Da ya gama kwaleji ya taɓa karatun shari'a. Mahaifin dai bai yi ƙwauron kuɗi ba wajen ilimin ɗansa.

A wancan lokaci al'ada ce ga samari da ƴan mata na gidajen rufin asiri su haɗu su yi wasa tsakanin abokai, don nishaɗi kawai, ba a karɓar kuɗin shiga. Jean-Baptiste ya shiga irin wannan ƙungiya. Cikin wannan sha'ani ya saba da gidan Béjart, gida mai ƴaƴa da yawa da bashi da yawa, kuma ya san babbar ɗiyarsu Madeleine, mai jan gashi, wadda ta girme shi da shekara huɗu. Ta iya waƙa, ta iya rubuta baiti, ta riga ta san dandamali, kuma ta iya riƙon kuɗi fiye da dukansu. Ya so ta, ba a musu. Amma wanda ya ce don mace kawai ya bar gidansu bai yi masa adalci ba, don soyayyar ta sauya kama daga baya, wasan kuwa bai bar shi ba har ranar mutuwarsa. Samarin suka yi ta wasa, abokai na tafa musu. Da tafin ya yi yawa sai suka ɗauka sun ƙware, suka ce me zai hana su ci abinci da abin.

Sai mai karatu ya san matsayin ɗan wasa a Faransa ta lokacin kafin ya gane nauyin wannan shawara. Gaskiya ne a shekara ta 1641 sarki Luwi na 13 ya fitar da doka cewa kada a ɗauki sana'ar wasa abin kunya muddin babu batsa a ciki. Amma majami'a ba ta sauya ra'ayi ba. A Paris ɗan wasa yana cikin waɗanda ake hana wa ibadodin majami'a, kuma in ya mutu bai furta gaban limami cewa ya tuba ya bar sana'ar ba, ba a binne shi cikin maƙabartar Kirista. Yin wasa tsakanin abokai abin sha'awa ne ga ɗan mutunci. Karɓar kuɗi a bakin ƙofa kuwa faɗuwa ce. Wannan ɗan taƙin ne Jean-Baptiste ya ƙetare.

Ranar 6 ga Janairu 1643, saura kwana kaɗan ya cika shekara 21, ya sa hannu bisa takarda cewa ya karɓi libir 630 daga gadon mahaifiyarsa, kuma ya saki haƙƙinsa na muƙamin fada. Libir shi ne kuɗin zamanin, kuma lebura ba ya wuce samun guda ɗaya a yini. Charles Perrault, mai tatsuniyoyin nan, ya ba da labarin cewa mahaifin ya aiki wani tsohon malamin yaron ya je ya yi masa nasiha. Malam ya tafi da niyyar dawo da ɗalibi, sai ɗalibi ya shawo kan malam, ya nuna masa cewa da ɗan Latin ɗin da ya sani zai dace ƙwarai da fitowa a matsayin shehin malami cikin wasa. Malam bai koma ba. An aiki bawa garinsu ke nan. Ranar 30 ga Yuni 1643 mutum goma suka sa hannu bisa yarjejeniyar kafa ƙungiya, suka raɗa mata suna Illustre Théâtre, wato shahararren gidan wasa, tun ba wanda ya san su. Cikinsu akwai Madeleine da ɗan'uwanta Joseph da ƙanwarta Geneviève, akwai kuma wani malamin rubutu mai suna Georges Pinel. Yarjejeniyar ta ba Madeleine ikon zaɓen rawar da take so, ta kuma ce Jean-Baptiste da wasu biyu su riƙa karɓa-karɓa wajen fitowa a matsayin jarumi.

Suka yi hayar wani zauren wasan ƙwallon hannu bisa libir 1900 a shekara, suka kira kafintoci, suka sa aka daɓe hanyar shiga da duwatsu don kekunan dawakin manya da suke tsammani. Suka buɗe ranar 1 ga Janairu 1644. Da fari sa'a ta bi su, don cikin wannan wata gidan wasa na Marais, ɗaya daga manyan gidaje biyu na Paris, ya ƙone, ƴan kallo suka karkato wajensu. A watan Yuni na shekarar ne saurayin ya fara sa hannu da sunan Moliyer, kamar yadda ƴan wasa suka saba ɗaukar sunan aro, sunan Poquelin kuma ya huta. Amma da aka sake gina Marais a watan Oktoba, sai zaurensu ya koma wayam. Suka ƙaura zuwa wani zaure, bashi ya bi su can. Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Sun nace wa manyan wasannin baƙin ciki, alhali Joseph Béjart yana da i'ina, Moliyer kuwa harshensa na da gaggawa, kuma ƙoƙarin da ya yi na rage saurin ya bar masa wata irin shaƙuwa da ba ta rabu da shi ba har abada. Sarkin da ke shaƙuwa tsakiyar jawabin mutuwa, ai dariya zai ba mutane. Shi kaɗai ne bai yarda da haka ba tukuna.

Cikin watan Agusta 1645 aka kama shi aka rufe a gidan kaso na Châtelet, bisa ƙarar mai kyandir da ba a biya ba. Kwanaki kaɗan ya yi. Wanda ya tsaya masa aka sake shi shi ne mutumin nan da ya daɓe musu hanya, kuma wanda ya ɗauki nauyin biyan mai tsayawar daga baya shi ne Jean Poquelin. Masu cewa Moliyer ya kwaikwayi mahaifinsa ne cikin azzaluman iyayen da ya cika wasanninsa da su, ya kamata su dubi wannan. Tsohon bai so abin ba, amma bai bar ɗansa ya ruɓe ba.

A nan ne mafi yawan samari za su sunkuyar da kai su koma kanti, kuma ba wanda zai zarge su. Moliyer da ƴan gidan Béjart suka ɗaure kayansu suka bar Paris, suka shiga ƙungiyar wani mai suna Charles Dufresne da ke yawon larduna. Shekara goma sha uku suka yi bisa hanya: Nantes, Toulouse, Narbonne, Pézenas, Montpellier, Lyon, Grenoble, Dijon, Avignon. Tufafin wasa da labule cikin amalanke, kowane gari sai an nemi izinin magabata, wani wuri a ba su, wani wuri a ce burodi ya yi tsada, ba lokacin wasa ba ne. Ba a ce sun yi yunwa ba, don sun samu manyan da suka riƙe su, kuma tarukan majalisar lardin Languedoc na kawo musu ciniki. Amma riƙon manya ba shi da tabbas. Yarima Conti, wanda ya ba su sunansa a shekara ta 1653, ya tuba bayan ƴan shekaru, ya janye sunan, ya zama babban mai kokowa da teyatur.

Waɗannan shekaru su ne makarantarsa ta gaskiya. A kudancin Faransa talakawa da yawa ba su jin Faransancin Paris sosai, don haka tilas ɗan wasa ya yi magana da fuska, da tafiya, da sanda. A Lyon ya ga yadda Italiyawa ke wasansu na barori masu wayo da tsofaffi wawaye. Mutanen Pézenas har yanzu suna ba da labarin kujerar wani wanzami da ya kan zauna a kai ranar kasuwa, bai ce uffan ba, yana sauraron yadda manomi da ɗan kasuwa da mai ƙara ke magana. Sannu a hankali ya zama shugaban ƙungiyar, ya koyi lissafi da rarrashin hukuma da sasanta ƴan wasa mata, ya kuma fara rubuta musu abin da za su yi, tun da ya san bakin kowa. Babban wasansa na farko, L'Étourdi, an yi shi a Lyon a shekara ta 1655, yana da shekara 33.

Ranar 24 ga Oktoba 1658, da taimakon ƙanen sarki, suka samu damar yin wasa a fadar Louvre gaban Luwi na 14, saurayi ɗan shekara 20. Tsohuwar cutar ba ta warke ba: Moliyer ya zaɓi wasan baƙin ciki na Corneille mai suna Nicomède, alhali gwanayen Hôtel de Bourgogne na zaune suna kallo. Da aka gama sai ya fito gaban dandamali, ya yi godiya cikin ladabi, ya roƙi izinin nuna ɗaya daga ƙananan wasannin da yake ba mutanen larduna dariya da su. Aka yi Le Docteur amoureux, labarin shehin malami da soyayya ta kama. Sarki ya yi dariya. Rubutun wannan ɗan wasa ya ɓace, amma shi ne ya ba su zaure a Paris, wanda suka riƙa raba kwanaki da Italiyawa, ƙungiyar shahararren Scaramouche. Maƙiya sun zana hoton Moliyer riƙe da madubi yana koyon yamutsa fuska wajen wannan Ba'italiye. Sun yi don izgili, amma hoton na nuna mutum mai shekara kusan arba'in da bai ji kunyar koyo ba.

Ya sake gwada zama jarumi mai kuka, a shekara ta 1661, da wasan Dom Garcie de Navarre, aka watse aka bar shi. Daga nan ya haƙura da abin da aka ba shi. Cikin shekara goma sha huɗu ya rubuta wasanni wajen talatin, kuma shi ne ke ɗaukar rawar da ta fi wuya: tsoho mai kishi, attajiri mai son a ce shi basarake ne, marowaci, mai ƙin mutane. Shaƙuwar da ta kashe shi a wasan sarakuna ta zama jari. Da tari ya kama shi, ya rubuta tarin cikin rawar Harpagon. Da yake Louis Béjart na ɗingishi, ya sa baran ɗan Harpagon ya zama gurgu. Ƙungiyar kuwa tsarinta na tarayya ne: bayan kowane wasa a zube kuɗi bisa tebur, a fidda na kyandir da na ma'aikata, a raba saura kashi-kashi, mace da namiji bisa gwaninta. Ɗaya daga cikinsu, La Grange, ya riƙa rubuta cinikin kowace rana cikin wani littafi da ke nan har yau.

Ba za mu bi wasannin ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya fi jawo masa wuta shi ne Tartuffe, labarin munafukin da ya shiga gidan wani attajiri da rigar tsoron Allah, ya nemi matarsa da dukiyarsa. An nuna shi a Versailles cikin Mayu 1664, aka hana shi nan take. Wani limami ya rubuta cewa marubucin ya cancanci a ƙone shi, babban limamin Paris kuma ya yi barazanar korar duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta, ko ya saurara. Sarki ya rufa masa baya, ya zama uban baftisma na ɗansa na fari, ya mayar da ƙungiyar tasa a 1665, amma sai ranar 5 ga Fabrairu 1669 aka saki wasan. A gida ma ba hutu. Ya auri Armande Béjart a 1662, yarinyar da ya girma da shekara ashirin, ƴar gidan su Madeleine, auren da ya ba maƙiya abin faɗa, shi kuma ya ba shi kishi. Cikin ƴaƴansu ɗiya guda ce ta rayu.

Dangance da mahaifinsa akwai abu biyu da suka cancanci a ambata. A shekara ta 1660 ƙanen nan Jean da aka bar wa muƙamin fada ya mutu, sai Moliyer ya karɓi muƙamin da ya saki yana saurayi, ya riƙe shi har ƙarshen ransa. A 1668 kuma, da cinikin tsohon ya ja baya, gidansa na neman gyara, Moliyer ya ranta masa libir 10.000, amma ta hannun wani abokinsa masanin kimiyya, Jacques Rohault, don tsohon ya ɗauka bashin na baƙo ne, kada ya ji nauyin karɓa daga hannun ɗa. Jean Poquelin ya mutu cikin Fabrairu 1669, makonni kaɗan bayan Paris ta yi cincirindo a ƙofar Tartuffe.

A shekara ta 1666 ya ga wani maraya ɗan shekara 12, Michel Baron, yana wasa cikin wata ƙungiyar yara da ake yawo da su don neman kuɗi. Ya gane abin da ya gani. Ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya tufatar da shi, ya shiga koya masa sana'a kamar ɗan cikinsa. Armande ba ta so ba, wata rana ta mare shi, yaron ya yi zuciya ya koma yawon larduna. Sai a 1670 Moliyer ya sa aka dawo da shi.

Madeleine ta mutu ranar 17 ga Fabrairu 1672, bayan ta sa hannu cewa ta bar sana'ar wasa, aka binne ta da mutunci. Shi kuwa ƙirji ya riga ya ci shi. Cikin wannan hali ya rubuta Le Malade imaginaire, labarin mutum lafiyayye da ya ɗauka ciwo zai kashe shi, ya kuma ba kansa rawar, mai ciwon gaske yana kwaikwayon mai ciwon ƙarya. Ranar 17 ga Fabrairu 1673, shekara guda cif bayan Madeleine, za a yi wasan karo na huɗu. Armande da Baron suka roƙe shi ya huta. Ya ƙi, ya kawo hujjar ma'aikata hamsin da ba su da abin kai wa gida in ba a buɗe zaure ba. Dab da ƙarshen wasan jikinsa ya ɗauki karkarwa, ya rufe ta da murmushin dole, aka kai ƙarshe. Aka ɗauke shi zuwa gidansa na titin Richelieu, tari ya tsananta, jini ya ɓalle. Aka aika neman limami. Biyu suka ƙi zuwa, na uku ya iso bayan rai ya yi halinsa, wajen ƙarfe goma na dare. Yana da shekara 51.

Limamin Saint-Eustache, majami'ar da aka yi masa baftisma, ya hana kabari, tun da mamacin bai furta barin sana'a ba. Armande ta kai kuka wajen babban limamin Paris, ta kuma je gaban sarki. Bayan kwana huɗu aka yarda a binne shi a maƙabartar Saint-Joseph, amma da dare, ba tare da wani buki ba. Daren 21 ga Fabrairu jama'a masu yawa suka raka shi da fitilu a hannu, an lulluɓe akwatin da mayafin jana'iza na ƙungiyar masu sana'ar shimfiɗu, sana'ar Jean Poquelin. Kujerar da ya zauna a kai a wasansa na ƙarshe tana nan ajiye a gidan Comédie-Française, wanda aka kafa a 1680 da ragowar ƙungiyarsa.

Ranar 24 ga Fabrairu 1673, mako guda bayan mutuwarsa, ƙungiyar ta kunna kyandir ta buɗe ƙofa da wasan Le Misanthrope. Rawar da Moliyer ya saba ɗauka, Baron ne ya ɗauke ta, yana da shekara 19.